Kukan Tabawa a Kogon Kallo

A wani daji da ke tsakanin fadama da duwatsu, inda zamani ya shigo bai yi sallama ba, an yi wata tsohuwar kurciya mai suna Tabawa. Sheƙarta na kan wani marke a bakin rafi, 'yan tsinkaye ne aka jingina wa juna, irin ginin kurciya da kowa ya sani. Ba ta da rumbu, ba ta da dangi masu faɗa a ji. Abin da ta mallaka a duniya waƙa ce guda ɗaya tak, ita ma ba don kunnen kowa ta yi ta ba.

Ga yadda aka yi waƙar ta samu. Wata rana da hantsi Tabawa ta fita nemo wa ɗanta na fari abinci. Ta dawo da ƙwayar gero a baki, ta tarar da sheƙa wayam, sai 'yan gashi uku suna lilo a jikin reshe. Shaho ya biyo ta wurin. To, kurciyoyin dajin nan suna da al'ada a kan ɗan fari, kuma ba sa wasa da ita: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, in ya mutu ba ta yi masa kuka a gaban jama'a. Kunya ce, da ita ake gane 'yar babban gida. Tabawa ta zauna karɓar gaisuwa ido a bushe, tsofaffi suna nuna ta suna cewa, "Kun ga 'yar halak." Sai dai abin da aka danne a ciki ba mutuwa yake yi ba. Bayan an watse, waƙa ta fito mata da kanta:

Na tafi da baki wofi, na komo da gero,
Wa zan ba?
Iska, in kin gan shi can sama,
Ki ce hadari ya haɗo, ya sauko gida.

Babu suna a ciki, babu abin da wani zai kama ya ce ta yi rashin kunya. Kullum da hantsi, daidai lokacin da abin ya faru, takan rera ta sau ɗaya ta yi shiru. Masu iya magana sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Masu hankalin bakin rafi sun gane, suka kuma kama bakinsu. Haka aka yi damina shida.

Akwai wani aku, Ɗanliti, wanda ya taɓa zama a keji a gidan mutane. Ya dawo daji da jar wutsiya, da Turanci kaɗan, da wata 'yar na'urar ɗaukar murya rataye a wuya. Shi ma ya gane jawabin, amma ta fuskar kasuwa. Ran nan ya sauka a kan marken, ya yi sallama har da rusunawa.

"Inna, barka da hantsi. Wucewa nake yi na ji abin da ya tsayar da ni. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Ki taimaka ki maimaita, in adana muryar nan saboda jikoki, don irinku sun fara ƙarewa."

Tabawa ta ji nauyinsa. Baƙo ne, ga shi ya kira ta Inna. Ya danna abin wuyansa, ta rera, ta gama, bai kashe ba.

"Inna, wannan waƙar ta wa ce? Wa aka yi wa?"

Nan fa ake yin ta. In ta ce tata ce, zai tambayi dalili, dalilin kuwa shi ne wanda bakinta ba ya kira. Ta sunkuyar da kai, ta ba shi amsar da kowace kurciya mai kunya za ta bayar.

"Ɗan nan, tsohuwar waƙa ce ta gidanmu. Haka muka taso muka ji ana yi. Ba ta kowa ba ce."

"Allah Sarki," in ji Ɗanliti. Sai a lokacin ya kashe na'urar. Ya ajiye mata zangarniyar gero ɗaya, ta ce haba, ya ce ai goro ne. Har albarka ta sa masa, ka ji tsautsayi.

A cikin duwatsun akwai wani kogo mai duhu ko da rana tsaka, ana ce masa Kogon Kallo. Mai shi wata hawainiya ce, Lantana, wadda ta ƙware a kan kwamfuta. Sana'arta zanen da ke motsi, abin da yara ke kira katun: ta zana ƙafa a ɗage, ta zana ta a sauke, ta sake, ta sake, har sau dubu, sannan na'ura ta jera su a guje, sai a ga abu yana tafiya a jikin bangon dutse. Aiki ne da ba mai iya shi sai mai haƙurin hawainiya. Ƙwayar gero biyar ake biya a shiga, kuma layi yakan kai bakin fadama.

Tabawa ba ta taɓa leƙawa ba. Damina biyu bayan zuwan Ɗanliti, maƙwabciyarta, wata hasbiya mai suna Hansai, wadda magana ba ta kwana a cikinta, ta faɗo mata tana haki.

"Yaya Tabawa, ashe kin yi arziki kika ɓoye mana? Muryarki ce fa ke tashi a Kogon Kallo sau huɗu a yini! Jikokina har sun haddace."

"Wace murya?"

"Ta hantsi mana. Taso mu je, ni zan biya miki. Sai dai..." Hansai ta kawar da kai. "Ki dai zo ki gani da idonki."

Suka kutsa cikin 'ya'yan zomaye da na kurege da 'yan birai, suka sami gefe suka raɓe. Haske ya faɗa kan bango. Sai ga wani ɗan kurciya an zana shi da ƙaton kai da siraran ƙafafu, yana tafe yana tuntuɓe, wawa na ajin ƙarshe. Sai ga shaho, an yi masa faffaɗan ƙirji da murmushi, shi ne jarumin wasan. Shaho ya bi shi, ɗan kurciya ya faɗa tukunya, ya fito da murfi a ka, kogo ya kece da dariya. Ya ɓuya a bayan tsinken ciyawa yana zaton ba a ganinsa, aka sake kecewa. Daga ƙarshe shaho ya sure shi, 'yan gashi suka sauko suna lilo, a hankali, a hankali. Daidai nan muryar Tabawa ta tashi, an ƙara mata sauri, an sa mata kalangu a ƙarƙashi.

"Na tafi da baki wofi, na komo da gero, wa zan ba?"

"Ba ni! Ba ni!" yara suka amsa baki ɗaya, suna tafi, suna birgima a ƙasa.

Tabawa ba ta san lokacin da ta fito ba. Ta tsinci kanta a kan wani dutse, rana na dukanta. Ba ta yi kuka ba, ta riga ta saba. Amma ranar ta gane abin da ake nufi da cewa zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Shaho yunwa ce ta kawo shi, ya ci ya wuce. Waɗannan kuwa sau huɗu a yini suke kashe mata shi, har da kalangu.

"Yaya, ki kai ƙara," in ji Hansai. "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi? Ina dalili! Akwai majalisa musamman saboda irin wannan. Ki je ki karɓi rabonki."

"Ba rabo nake so ba, Hansai. Su cire waƙar daga bangon nan. Su yi dariyarsu da wani abin. Shi ke nan."

Majalisar Kare Haƙƙin Masu Waƙa tana zama a gindin wata tsamiya. Saboda tausayin mawaƙa aka kafa ta, kuma don a tabbatar da adalci aka zaɓi wakilan da babu mai waƙa ko ɗaya a cikinsu. Shugaba Burtu ne, mai jan maƙogwaro da tafiyar ƙasaita, wanda iyakar saninsa da murya shi ne gurnanin da yake yi in gari ya waye. Magatakarda Kunkuru ne. Sauran ƙadangaru ne guda biyar, aikinsu gyaɗa kai, kuma ba a taɓa samunsu da sakaci ba. Kuɗin shigar da ƙara rabin mudun gero ne. Kwana goma sha biyar Tabawa ta yi tana kala a gonakin da aka girbe kafin ta haɗa. Aka ɗage zama sau uku, saboda magatakarda yana kan hanya.

Ranar da aka zauna, Tabawa ta faɗi buƙatarta cikin jimla biyu: waƙarta ce aka sa a wasan dariya, tana so a cire. Burtu ya kira Lantana. Ta tako a hankali, jikinta kore shar, tana isowa gaban shugaba ta koma baƙi da ja irin nasa.

"Ranka ya daɗe, ni ban saci komai ba. Damina biyu na yi a gaban kwamfuta, idona ɗaya a kan zane, ɗaya a kan ƙofa ko wani zai shigo ya kwafe mini. Da na zo sa sauti, na je wurin Ɗanliti mai faifai na biya mudu ashirin, ga takarda. Ya ce mini waƙar gargajiya ce, ba ta da uwa ba ta da uba. Inna ta ba ni tausayi, Allah Ya sani. Amma in aka zare waƙar nan wasan ya mutu, don nan ne wurin da yara suka fi so. Ni ma ina da bakunan da nake ciyarwa."

Ƙadangaru suka gyaɗa kai. Aka kira Ɗanliti, ya gyara wutsiya, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya.

"Allah Ya ja zamanin shugaba. Ina roƙon majalisa ta dubi bakin Inna. Waƙarta tana ciki ko ba ta ciki? Tana ciki. To me na ɗauke? Wanda ya ɗebi wuta a murhun maƙwabci, me ya rage masa? Kafin in zo, wa ke jin waƙar nan? Kwaɗin rafi. Yau ga ta a bakin kowane yaro. Ni na sayi na'ura, ni na sayi batir, ni na tace hayaniyar iska, ni na kawo faifan nan na yi masa rajista na biya. A wasu dazuzzukan da na zaga, godiya ake yi wa irina, har da lambar yabo. Amma ba komai, alheri danƙo ne. Batun mai waƙa kuwa, ba ni zan faɗa ba, kada a ce na yi son kai. Ga mai magana."

Ya danna abin wuyansa. Muryar Tabawa ta cika gindin tsamiya, a sanyaye, da ladabinta: "Tsohuwar waƙa ce ta gidanmu. Haka muka taso muka ji ana yi. Ba ta kowa ba ce."

Burtu ya sauke gashin ido ya ɗaga. "Baiwar Allah, muryarki ce?"

"Tawa ce, ranka ya daɗe."

"To a lokacin kika yi ƙarya, ko yanzu kike yi?"

Tabawa ta sunkuyar da kai. Ta yaya za ka yi wa burtu bayanin kunya? Hansai ta zabura daga cikin 'yan kallo. "Ranka ya daɗe, kowa a bakin rafi ya san dalilin waƙar nan! Ni da kaina..."

"Ba a kira ki ba," in ji Burtu. "In kina da ƙara, rabin mudu ne."

Kunkuru ya zuro wuya daga cikin ƙoƙonsa, ya yi gyaran murya, ya ɗauki lokacin da ya ishi wani ya ci ya wanke hannu.

"Ranka ya daɗe, doka ba ta rufe ƙofa, sai dai ta rage mata tsawo. Abin da ba na kowa ba, na wanda ya riga yin rajista ne, wannan a rubuce yake. Amma in mai ƙara ta ce ita ta ƙagi waƙar, akwai takarda mai gurbi goma sha biyu. Gurbi na shida shi ne dalilin waƙa, da sunan wanda aka yi wa. Za ta faɗa da bakinta a gaban majalisa, da ƙarfi, ni kuma in rubuta. Ba a tsallake gurbi, ba a kuma karɓa daga bakin wani. In ta cike, waƙa ta zama tata. Tana da kwana bakwai."

Kwana bakwai ɗin nan, Allah kada Ya nuna wa maƙiyi. Washegari da hantsi ta buɗe baki kamar kullum, tana kaiwa "wa zan ba", sai ta ji daga ƙetaren rafi 'yan birai sun amsa, "Ba ni! Ba ni!" Ta haɗiye sauran. Kashegari tsofaffin kurciyoyi suka aiko mata: sun ji abin da ake ciki, ta yi haƙuri ta bar kaza cikin gashinta, kada ta ja wa zuri'a abin faɗa da tsufanta. Ba wadda ta aiko da tambayar yadda ta kwana.

Hansai kuwa ta bi ta ɗaya gefen. "Yaya, ni ba kurciya ba ce, amma ki gaya mini, kunyar nan da ta hana ki kuka, me ta ba ki? Kalma ɗaya ce fa. Ki faɗa, su cire, ki dawo ki huta."

Kalma ɗaya! Marigayi mijinta ne ya raɗa sunan, saboda an ƙyanƙyashe ɗan ana tsakiyar noma. Damina takwas ke nan da rasuwar ɗan, kuma ko ita kaɗai a sheƙa ba ta taɓa furta shi ba. Yana nan a ƙasan harshenta, shi ne abu ɗaya na ɗan da shaho bai ɗauka ba. Ta auna, ta sake aunawa: kunyar rana ɗaya a gefe guda, a ɗaya gefen kuma dariyar da ba ta da ranar ƙarewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ran na bakwai ta gyara gashinta ta nufi tsamiya.

Labari ya riga ta zuwa, wuri ya cika har rassa. Ta tsaya a tsakiya, 'yar ƙarama, ta dubi ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ni ba mai magana ba ce, a yi mini haƙuri. Waƙar nan ni na yi ta, ba gado ba ce. Na ce wa ɗan nan ba ta kowa ba ce, saboda a gidanmu ba a faɗin abin da zan faɗa yanzu. Na yi ɗa, shi ne na fari. Kwanansa goma a duniya, gashi ya fara fito masa a fiffike. Ba wawa ba ne, ranka ya daɗe. Bai taɓa faɗawa tukunya ba. In ya ji motsin fiffikena yakan buɗe baki tun ban sauka ba. Ran nan na dawo da gero, ban sami bakin ba. Ban yi kuka ba, aka yaba mini. Waƙar nan ita ce kukan. Ba na neman gero ko ƙwaya ɗaya. A cire ta daga bangon nan kawai, in koma sheƙata."

Ɗanliti kansa ya shiga gyaran igiyar na'urarsa, wadda ba abin da ya same ta.

"Suna," in ji Kunkuru, alƙalami a ɗage.

Bakinta ya motsa, sauti bai fito ba. Ta sake gwadawa.

"Nomau."

"Ban ji ba. Doka ta ce da ƙarfi."

"Nomau!"

Tsofaffin kurciyoyi uku da ke kan reshe suka tashi fir, suka bar wurin, ba wadda ta waiwayo. Kunkuru ya rubuta a tsanake, ya hura tawada, ya turo takardar. "Dangwala ƙafa a nan ƙasa." Ta dangwala. Ko wuƙa ya miƙo mata a lokacin da ta karɓa.

Burtu ya miƙe, ya kumbura maƙogwaro.

"Majalisa ta ji, kuma zuciyarta ta karaya. Saboda irin wannan rana aka kafa mu. Ga hukunci. Na ɗaya, waƙa ta Tabawa ce, daga yau har illa masha Allahu."

Hansai ta rangaɗa guɗa. Tabawa ta ji wani abu da ya daɗe a ƙirjinta ya fara saki.

"Faifai na Ɗanliti ne, don shi ya ɗauka. Zane na Lantana ne, don ita ta zana. Kowa da nasa, ba a zalunci kowa ba. Na biyu, da dangwala ƙafarta, Tabawa ta shiga sahun mawaƙa masu rajista, ta kuma danƙa wa majalisa kula da waƙarta, kamar yadda gurbi na goma sha biyu ya tanada, don kada wani ya sake cutarta. Na uku, majalisa ta zauna a madadinta ta duba mata abin da ya fi amfani, ta ga waƙar da ba a ji ba ta kawo gero. Saboda haka mun ba Kogon Kallo izinin damina goma."

Tabawa ta ɗago kai. "Ranka ya daɗe, cewa na yi a cire."

"Mun ji. An rubuta."

"To ba tawa ba ce? Yanzu ka ce tawa ce."

"Taki ce mana, shi ya sa muke tsare miki ita. Baiwar Allah, mu masu kare ki ne, in ta kama har daga kanki. Magatakarda, karanta mata rabonta, hankalinta ya kwanta."

Kunkuru ya karanta. Daga kowane mudu goma da kogo ya tara, ɗaya na sauti ne. A cikinsa rabi na mai faifai. A sauran rabin za a cire ladan kulawa, da kuɗin tawada, da na sharar gindin tsamiya, da abin da ake jiƙa maƙoshin wakilai da shi, da kason asusun tallafa wa tsofaffin mawaƙa. Abin da ya rage wa Tabawa ƙwaya tara ne a damina, za ta zo da kanta ta karɓa tare da shaidu biyu. Ko kuɗin shiga kogon sau biyu bai kai ba.

"Na ƙarshe," in ji Burtu, "doka ta wajabta a bayyana asalin kowace waƙa a jikin wasa, don kada haƙƙi ya ɓace. A ba mai zane kwafin gurbi na shida. An tashi."

Ana watsewa Lantana ta tako wurinta, ta koma ruwan toka irin na kurciya, ido ɗaya yana zubar da hawaye, ɗayan yana karanta kwafin.

"Inna, wallahi ban san haka abin yake ba. Da na sani da ban zana masa tukunya ba, sai dai yanzu yara sun saba da ita. Amma ki bar mini, zan karrama shi. Ba za a manta da shi a dajin nan ba."

Tabawa ta gaji da yawa, ba ta tambayi abin da take nufi ba.

Lantana ta cika alkawari. A da, ɗan kurciyar bango ba shi da suna. Ranar kasuwa ta zagayo, sai ga shi an rubuta a ƙofar kogo da manyan baƙaƙe: NOMAU DA SHAHO. A can ƙasa, da rubutun da sai tururuwa za ta iya karantawa, an sa "Waƙa: Tabawa, don tunawa da ɗanta." Layi ya wuce fadama. Kafin damina ta zagayo an yi kashi na biyu, an yi na uku, tunda a bango shaho yakan sure shi yau, mako mai zuwa ya dawo da ƙaton kansa a sake. Ɗanliti ya fitar da sabon faifai mai amshin yara a ciki, ya yi masa rajista da sunansa, tunda amshi ba na kowa ba ne.

Sunan ya fito daga kogo ya bi daji. Ɗan kurege ya yi tuntuɓe, 'yan uwansa su ce, "Kai, Nomau!" Zomanya ta tsawata wa ɗanta, "Ka natsu, kada ka zame mini Nomau." A mashaya, a kasuwa, a gindin marken kanta, tun safe har rana ta faɗi. Sunan da ta ɓoye a ƙasan harshe damina takwas, ta fito da shi sau biyu rak, yau babu bakin da bai tauna shi ba. Kurciyoyi kuwa in sun hango ta a bakin ruwa sai su matsa gaba su sha.

Hantsi ya riƙa yi yana wucewa, ba a jin komai daga kan marke. Kwaɗin rafi ne suka fara lura, su kuma ba a tambayarsu.

Da kaka ta yi, Hansai ta zo ta sauka nesa kaɗan, ba haki, ba guɗa. Ta daɗe tana gyara zama kafin ta yi magana.

"Yaya, sun aiko. Wai geronki ya fito, ƙwaya tara. Na ce zan tsaya miki shaida, in nemo ta biyu. Ni na sa ki, Yaya. Ki yafe mini."

Tabawa tana kallon reshen da gashin nan uku suka taɓa lilo a kai. Ba ta juyo ba.

"Ba ke ba ce, Hansai. Ki ce su bar shi a wurinsu." Sannan ta ce, da magana ba da waƙa ba, "Wa zan ba?"

A rahoton ƙarshen shekara, majalisa ta rubuta da alfahari cewa tun da aka kafa ta ba a taɓa samun mai waƙar da ya kawo ƙara sau biyu ba, ƙadangaru kuma suka gyaɗa kai.